Babur, Tanti da Makwanci: Waiwaye Daga Gidan Tarihin Barber

Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, amma ba su faɗi irin ilmin da za ta buɗe wa mutum ba. Sau da yawa matafiyi kan fita neman abu guda ya komo da wani daban. Abin da ya same mu ke nan mu uku, 'yan Arewa da karatu da neman abinci suka zaunar a birnin Atlanta na ƙasar Amurka, ranar da muka ɗaure tantuna da barguna da ɗan risho a bayan baburanmu, muka nufi jihar Alabama domin mu ga gidan tarihin babura da motocin tsere na Barber. Niyyarmu kallon ƙarafa ce kurum da shan iska na kwana uku. To amma hanyar da muka bi da wurin da muka kwana sun jefo mana tambayar da ba mu fito da ita daga gida ba, wato a tarihin wannan abin hawa, wa ya ƙera, wa ya yi tsere, kuma wa aka bari ya kwanta idan dare ya riske shi a hanya? A wannan maƙala za mu bi sawun amsar ne kamar yadda muka tsince ta, daga titi zuwa zango, daga zango zuwa gidan tarihi.

Hanya da zango

Tsakanin Atlanta da Birmingham bai kai mil 150 cif ba a kan babbar hanya mai lamba 20, mai sauri ma ba ya wuce awa biyu da 'yan mintoci. Mu da ba sauri muke yi ba sai muka raba tafiyar biyu, muka ratse a garin Anniston. A nan ne ranar 14 ga Mayu, 1961, wata bas ta kamfanin Greyhound ta iso ɗauke da wasu fasinjoji baƙaƙe da farare, waɗanda suka zauna a cakuɗe da gangan don su gwada hukuncin kotun ƙoli da ya haramta raba matafiya saboda launin fata. Gungun farare suka tare ta a tasha, suka yayyanke mata tayoyi, suka bi ta a baya da motoci. Kimanin mil shida bayan gari tayoyin suka sace, sai aka jefa mata wuta ta taga, aka kuma riƙe ƙofa. Da ƙyar mutanen ciki suka tsira da rayukansu. A 2017 gwamnatin Amurka ta sa tashar da wurin da bas ɗin ta ƙone cikin wuraren tarihi na ƙasa. Mun tsaya a bakin titin, mun cire hulunan kwano, babu wanda ya ce uffan.

Daga nan muka haura dutsen Cheaha, wanda shi ne wuri mafi tudu a duk jihar, tsawonsa ya ɗara ƙafa 2,400. Sunan daga harshen mutanen Muskogee ya fito, ma'anarsa wuri mai tsawo, kuma su ne masu ƙasar kafin a kore su zuwa yamma a shekarun 1830. Hasumiyar dutse da ke ƙololuwarsa kuwa samari marasa aikin yi ne suka gina ta a shekarun 1930, ƙarƙashin shirin da shugaba Roosevelt ya ɓullo da shi lokacin karayar tattalin arziki. Muka biya kuɗin zango, aka nuna mana fili a cikin itatuwa, babu wanda ya tambaye mu komai bayan lambar babur. Guduma muka manta a gida, saboda haka da dutse muka buga turakun tanti, iska tana ta finciko mana shi. Da muka zauna shan shayi sai babbanmu, wanda muke kira Yaya, ya dubi wutar risho ya ce, "Kun san dai shekara saba'in da suka wuce ko turke ɗaya ba za a bar mu mu kafa a nan ba?" Ƙaraminmu ya ce, "Haba Yaya, har a daji?" Ya ce, "Har a daji." Gaskiya ya faɗa, domin a zamanin wariya wuraren shaƙatawa na jihohin Kudu a rabe suke, kuma mafi yawansu na farare ne zalla. Da wannan magana muka kwana.

Gidan da mai madara ya gina

Hantsi ya dubi ludayi muka isa Barber, kusa da garin Leeds, gabas da Birmingham. Wanda ya kafa gidan, George Barber, magajin wani babban kamfanin madara ne na jihar. A shekarun 1960 ya yi tseren mota da Porsche, ya zo na ɗaya sau 63, kafin ya koma ya riƙe kasuwancin gidansu. A 1988 ya fara tara tsofaffin motoci, amma bai daɗe ba ya gane cewa manyan masu tara motoci sun riga sun yi masa nisa, alhali babu wanda ya tsaya ya tara babura yadda ya kamata. Sai ya juya akalarsa can. An buɗe gidan ga jama'a a 1995 a wani tsohon gini cikin gari, sa'an nan a 2003 aka dawo da shi wannan fili mai eka 880, inda aka shimfiɗa hanyar tsere mai tsawon mil 2.38 da kwana 17. A 2014 kundin Guinness ya shaida cewa babu gidan tarihin babura da ya kai shi girma a duniya, a lokacin yana da babura 1,398, kuma bai daina saye ba tun daga nan. Bayan babura akwai tarin motocin tsere na Lotus da ake lasaftawa a sahun gaba a duniya.

Ginin bene ne mai hawa biyar, bangonsa gilashi, ta yadda mutum yana kallon babur ɗin da ya yi ritaya a ciki yana kuma jin kukan jikansa a kan hanyar tsere a waje. An jera wasu a ƙasa, an ɗora wasu bisa wasu a kan kantoci har rufi, kamar jeren kwalla a ɗakin amarya. A hawan ƙasa akwai gareji inda makanikai ke kwance inji su wanke su mayar, domin ƙa'idar gidan ita ce babur ya kasance mai tashi, ba gawa ba.

Daga dokin katako zuwa masana'anta

Abin da ya fara tsayar da mu wani abu ne mai kama da jakin kafinta, da sirdi irin na doki da ƙafafun katako masu ɗaurin ƙarfe. Wannan kwaikwayon babur ɗin farko mai shan fetur ne, wanda Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka haɗa a Jamus a 1885. Kwaikwayo muka ce, saboda na ainihin ya ƙone a gobarar da ta cinye masana'antar Daimler a 1903. Yana da ƙananan ƙafafu biyu a gefe don kada ya faɗi, gudunsa bai wuce kilomita 12 a awa ba, kuma masu shi ba babur suka sa a gaba ba, wurin gwada ɗan injinsu suke nema. Kafin su ma wani Ba'amurke, Sylvester Roper, ya ɗora injin tururi a kan keke a ƙarshen shekarun 1860. Babur na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa shi ne na Hildebrand da Wolfmüller a birnin Munich a 1894.

Daga nan sai abu ya zama kamar wutar daji. Kamfanin Indian ya fara a 1901, Triumph na Ingila ya fitar da babur ɗinsa na farko a 1902, Harley-Davidson ya biyo baya a 1903. Duk wanda ya dubi baburan wannan zamani zai ga kekuna ne aka rataya wa inji, har da feda, kuma da bel na fata ake juya ƙafar baya kafin kaca ta karɓe aikin.

Tsere da farashinsa

Me ya mayar da keke mai inji abin da muka sani yau? Amsar a taƙaice ita ce tsere, domin a wancan lokaci babu tallar da ta kai a ce babur ɗin wane ya ci gasa ranar Lahadi. A Amurka, cikin shekarun 1910, an riƙa gina filayen tsere na katako masu kama da akushi, gefensu a tsaye har wasu sun kai kusurwa 60. Baburan da ake hawa a ciki ba su da birki sam, suna tsiyayar da baƙin mai a kan katakon, suna kuma gudun da ya kusa mil 100 a awa, 'yan kallo kuwa suna zaune a saman bakin akushin suna leƙowa. Ranar 8 ga Satumba, 1912, a birnin Newark, babur ɗin Eddie Hasha ya ƙwace ya yi sama cikin jama'a. Shi da wani abokin tserensa suka mutu, tare da 'yan kallo da dama, galibinsu yara maza. Jaridu suka yi ca a kan wasan, kuma daga nan ya fara ja da baya. A gidan Barber an gina ɓangaren irin wannan fili an ɗora baburan a kai. Wanda ya tsaya a ƙarƙashinsa ya ɗaga kai ba ya bukatar wani ya yi masa bayani.

A Turai labarin ya bi ta wata hanya. Dokar Birtaniya ta 1903 ta ƙayyade gudu a mil 20 a awa, ba a kuma yarda a rufe titi don tsere ba. Amma tsibirin Man, da ke tsakanin Ingila da Ailan, yana da majalisarsa ta kansa, ita kuwa ta yarda. Ta haka aka fara gasar TT a 1907, inda Charlie Collier ya ci a kan Matchless, Rem Fowler kuma ya ci ajin masu silinda biyu a kan Norton. Tun 1911 ake zagaya hanyar dutse mai tsawon mil 37.73, ta cikin ƙauyuka, tsakanin katangu da turakun waya, kuma fiye da mahaya 260 sun rasa rayukansu a kanta. Birkin da muke takawa yau da tayar da ke riƙe titi cikin ruwan sama, a irin waɗannan wurare aka gwada su, kuma ba da kuɗi kaɗai aka biya ba.

Gidan ya keɓe wuri na musamman ga John Surtees na Ingila, wanda ya ci kambun duniya sau bakwai a kan babur ɗin MV Agusta tsakanin 1956 da 1960, sa'an nan ya koma mota ya ci kambun Formula 1 da Ferrari a 1964. Har ya rasu a 2017 babu wanda ya sake haɗa waɗannan biyu. Can gaba kuma ga Britten, mai launin shuɗi da ruwan hoda, ɗaya daga cikin guda goma kacal da John Britten da 'yan abokansa suka ƙera da hannu a Christchurch ta ƙasar New Zealand, suka kuma kayar da manyan kamfanoni da shi, kafin ciwon daji ya ɗauke shi a 1995 yana ɗan shekara 45.

Yadda Japan ta karɓe kasuwa

Akwai wani abin mamaki game da sunan garin. Birmingham ta Alabama, wadda aka kafa a 1871, ta ci sunan Birmingham ta Ingila ne, garin maƙera, kuma a can kamfanin BSA yake, wanda a shekarun 1950 babu mai ƙera babura kamarsa a duniya. A 1954 wani bakanike daga Japan, Soichiro Honda, ya je kallon TT ya ga injinan Turawa sun ninka nasa ƙarfi. Ya koma gida bai ce komai ya gagara ba. A 1959 ya kawo tawagarsa, a 1961 kuma baburansa suka kwashe matsayi na ɗaya zuwa na biyar a ajin 125 da na 250. Turawan Ingila suka ɗauka Japan a ƙananan babura za ta tsaya. A 1969 Honda ya fitar da CB750 mai silinda huɗu da birkin faifai da maɓallin tayarwa, ba ya ɗigar mai, kuma farashinsa bai kai na abokan hamayya ba. Kafin 1973 ta ƙare BSA ya durƙushe, tsohuwar masana'antar Triumph ta Meriden kuma ta rufe a 1983. Raina kama ka ga gayya.

Amma babur ɗin da ya fi canza rayuwar talakan duniya bai taɓa cin wata babbar gasa ba. Shi ne ɗan ƙaramin Super Cub na 1958, wanda a 2017 adadin da aka ƙera ya cika miliyan 100. A sashen ƙananan babura ne muka rasa Yaya, sai muka same shi tsaye gaban wata Vespa, wadda mu muke kira Basfa, irin da kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946. Ya ce irinta mahaifinsa ya saya da bashin ma'aikata yana malamin firamare, kuma a tsaye a gabanta, tsakanin ƙafafun mahaifin, ya fara zuwa makaranta. Mun bar shi ya gama kallonsa.

Mata biyu, zamani ɗaya

Kowane babur a gidan yana da ɗan allo mai faɗin sunansa da shekararsa da ƙasarsa da girman injinsa. Wannan shi ne iyakar abin da ƙarfe zai iya shaidawa. Inda mai shi ya kwana kuwa sai an nemo a wani wuri, kuma a nan ne labarin wasu mata biyu ya shigo.

Ranar 11 ga Disamba, 1934, Theresa Wallach da ƙawarta Florence Blenkiron suka bar Landan a kan babur ɗin Panther mai akwatin gefe, suna jan 'yar tirela mai tanti. Suka tsallaka zuwa Aljeriya, suka keta Sahara ta Tamanrasset. Injin ya lalace kafin su kai Agadas, suka yi makonni a garin suna jiran kayan gyara, sa'an nan suka gangaro Kano, suka ci gaba har suka isa Cape Town ranar 29 ga Yuli, 1935. Sun sha wuya matuƙa, ba mu rage musu komai ba. Amma duk inda suka sauka a ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka akwai bariki ko gidan wani jami'i da zai buɗe musu ƙofa. Wallach ta dawo ta zagaya filin Brooklands da gudun da ya haura mil 100 a awa a 1939, daga baya ta koma Amurka ta yawace ta da babur da tanti, ta kuma rubuta labarin tafiyarta ta Afirka da hannunta.

A daidai waɗannan shekaru wata baƙar fata 'yar Amurka, Bessie Stringfield, tana yawo ita kaɗai a cikin ƙasarta. Babur ɗinta na farko Indian Scout ne na 1928, daga baya ta koma Harley-Davidson, wanda ta mallaki guda 27 a tsawon rayuwarta. Takan shimfiɗa taswira ta jefa kwabo, inda ya faɗa nan za ta nufa. Idan dare ya yi mata a Kudu, otal ba ya karɓar ta. In ta dace wani gidan baƙaƙe ya sauke ta, in ba ta dace ba sai ta tsaya a gidan mai, ta naɗe rigarta a kan hannun babur ta yi matashi, ta miƙe ƙafa a bayansa ta kwana. A lokacin yaƙin duniya na biyu ta yi wa sojan Amurka aikin kai saƙo tsakanin barikoki a kan babur. Ta taɓa ba da labarin cewa ta shiga tsere da shigar maza ta ci, da ta cire hula aka hana ta kyautar. Ta rasu a 1993, sai a 2002 aka sa sunanta a zauren gwarzayen babur na Amurka, shekara guda kafin a sa na Wallach.

A nan akwai darasi ga mai bin tarihi. Kusan duk abin da aka sani game da Stringfield daga bakinta ya fito, ta hannun marubuciya Ann Ferrar da ta zauna da ita a ƙarshen rayuwarta. Ta ce a Jamaika aka haife ta, amma takardun da aka tono daga baya sun nuna jihar North Carolina. Wannan bai rushe labarinta ba, domin abin da ta faɗa game da hanya yana da wasu shaidu. Babbar shaida ita ce littafin nan da ake kira Green Book, wanda wani ma'aikacin gidan waya na Harlem, Victor Green, ya fara bugawa a 1936, yana jera otal-otal da gidajen abinci da gidajen mai da baƙar fata zai iya tsayawa ba tare da wulaƙanci ba. An ci gaba da buga shi har tsakiyar shekarun 1960. Ƙasar da sai da littafi ɗan ƙasa ke sanin inda zai kwana, ba a bukatar a tambaya ko Bessie ta yi ƙari.

Da yamma muka shiga cikin Birmingham muka tsaya gaban masaukin A. G. Gaston, wanda wani attajiri baƙar fata ya buɗe a 1954 saboda wannan matsala ta makwanci. A ɗaki mai lamba 30 Martin Luther King da abokansa suka tsara zanga-zangar 1963, kuma a watan Mayu na shekarar aka tayar da bam a masaukin. 'Yan taku kaɗan daga nan cocin da bam ya kashe 'yan mata huɗu yake, ranar 15 ga Satumba, 1963. Sai ranar 2 ga Yuli, 1964, aka sa hannu a dokar da ta haramta wa otal da gidan abinci korar mutum saboda launinsa. Wato a shekarar da Surtees ya ɗaga kofinsa ne Bessie ta sami ikon neman ɗaki a duk inda dare ya yi mata, tana da shekara hamsin da ɗoriya.

Kammalawa

Daren ƙarshe mun sake kafa tanti, wannan karon da gudumar da muka saya a hanya. Mu don nishaɗi muka zaɓi kwanan ƙasa, da kuɗin otal a aljihunmu, kuma mun san bambancin da ke tsakaninmu da wadda ta kwana a kan sirdi don dole.

Hirar ta koma gida, kamar yadda hirar baƙi ta saba. Babur ya yi wa Arewa aikin da bai yi wa Alabama ba. Shi ya kai malamin gona da mai allurar rigakafi ƙauyen da mota ba ta shiga, shi ya ciyar da dubban gidaje da sunan acaɓa ko kabu-kabu, kuma shi gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja da shi a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Wannan duk tarihi ne, mai farko da tsakiya da juyi. Basfar malaman firamare da Honda Benly ta akawu da Suzukin 'yan acaɓan farko mafi yawansu sun tafi wurin 'yan gwangwan an auna su a sikeli. George Barber ya ceci ƙarafan nasu duniyar don yana da kuɗin madara. Ann Ferrar kuwa ba ta da eka 880, zama ta yi da tsohuwa ta saurare ta tun tana da rai, kuma ba don haka ba da yau babu abin da za mu faɗa a kan Bessie. Mahaifin Yaya yana nan da ransa, ya haura tamanin. Kafin mu kashe tocila Yaya ya ce idan ya je gida zai tambaye shi nawa ya sayi Basfar nan, wa ya koya masa hawa, kuma ina ta ƙare. Muna fata ya yi da wuri.